Idan Kwamfuta Ta Ce “Babu”, A Tambaye Ta Ko Ta Duba

Duk wanda ya taɓa rubuta kalma a akwatin bincike na jarida, ko na ɗakin karatu, ko na rajistar makaranta, ya san amsar nan mai kashe jiki: ba a samu komai ba. Yawancinmu muna karɓar amsar hannu bibbiyu, domin mun ɗauka kwamfuta ba ta gajiya, ba ta mantuwa, ba ta da son rai, saboda haka idan ta ce babu, to babun ne. Amma akwai wani yanayi da ya zama ruwan dare a rumbunan bayanai inda wannan amsa ba gaskiya ba ce. Bayanin yana nan a ajiye, ko harafi ɗaya bai ɓace ba, injin ne bai ma leƙa ba, saboda kalmar da aka ba shi ba ta kai tsawon da aka gindaya masa ba. Ya ƙirga haruffanta, ya ga uku ne ko biyu, ya yar da ita, ya dawo ya ce bai ga komai ba. Ni a ganina wannan ya wuce a kira shi ƙaramar tangarɗa da masu fasaha za su warware tsakaninsu. Aibi ne da ya fi cutar da harsuna irin Hausa, gyaransa ba shi da tsada, kuma alhakin barinsa yana wuyan mutum biyu: wanda ya haɗa manhajar da wanda ya biya kuɗi ya karɓe ta ba tare da ya gwada ta da harshen masu amfani da ita ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne MySQL, manhajar rumbun bayanai da aka fara fitarwa a ƙasar Suwidin a 1995, wadda yanzu take hannun kamfanin Oracle, tare da 'yar'uwarta MariaDB da ta ɓalle daga jikinta a 2009. Ɗimbin shafukan intanet da manhajojin ofis a kansu suke zaune. Idan aka buƙaci MySQL ta nemo kalma a cikin dogon rubutu, ba ta bin rubutun layi-layi tana karantawa a duk lokacin da aka tambaya, domin hakan zai ci lokaci. Tun farko takan gina fihirisa, wato jerin kalmomi, kowace kalma da lambobin bayanan da ta fito a cikinsu, sai ta riƙa duba fihirisar kawai. An shigo da wannan tsari cikin MySQL a shekarar 2000, kuma ya zo da sharaɗi: kalmar da ba ta kai haruffa huɗu ba, ba za ta shiga fihirisa ba. Wannan shi ne saitin da ake kira ft_min_word_len, wanda ke aiki a tsohon injin ajiya mai suna MyISAM. Da sabon injin InnoDB ya samu irin wannan bincike a MySQL 5.6, wadda ta fito a 2013, sai aka ba shi nasa saitin daban, innodb_ft_min_token_size, aka sauko da iyakar zuwa haruffa uku. Duk kalmar da ta gaza wannan iyaka, a wajen injin bincike tamkar ba a taɓa rubuta ta ba.

Waɗanda suka kafa wannan doka suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Tun a 1935 masanin harshe George Zipf na jami'ar Harvard ya nuna cewa kalmomin da aka fi yawan maimaitawa a harshe galibi su ne gajeru. A ƙarshen shekarun 1950 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM, wanda yana cikin waɗanda suka aza harsashin sa kwamfuta ta tsara fihirisa da kanta, ya ba da shawarar a riƙa tsame kalmomin da suka cika yawa, tunda ba sa bambanta wannan rubutu da wancan. A tarin rubutun Turanci da jami'ar Brown ta haɗa a shekarun 1960, mai kalmomi kusan miliyan ɗaya, wata kalma guda mai haruffa uku ta cinye kusan kashi 7 cikin 100 na dukkan tarin. A zamanin da wurin ajiya a kwamfuta yake da tsada kuma injuna ba su da sauri, yanke gajerun kalmomi hanya ce mai sauƙi ta rage nauyin fihirisa. Wanda ya zaɓi huɗu a matsayin iyaka yana kallon rubutun Turanci ne da injunan zamaninsa, kuma a wannan ma'auni bai yi wauta ba.

Kuskuren yana cikin juya maganar Zipf a baibai. Cewa kalmomin da aka fi maimaitawa gajeru ne bai nuna cewa duk gajeriyar kalma mai yawan maimaituwa ce ba, balle a ce ba ta da ma'ana. An ɗauki tsawo a matsayin wakilin rashin amfani, alhali abubuwa biyu ne daban. Ko a Turancin ma dokar tana cin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, amma a Hausa ɓarnar ta fi yawa, kuma dalilin yana cikin tsarin rubutunmu na boko. Ba ma nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum, ba ma nuna karin sauti, don haka kalmar da take da nauyi a baki sai ta fito 'yar mitsitsiya a takarda. Uwa, uba, ido, kai, rai, mai, duk haruffa uku ne. Ɗa, 'ya, wa, ja, haruffa biyu ne a idon injin. Aikatau da rayuwar yau da kullum ta ginu a kansu, irin su ci, ji, yi, bi, so, zo, ƙi da fi, ba su wuce biyu ba. Sannan ga ɗafin mallaka da ke ƙara harafi guda a ƙarshen suna, wanda yake sa kalma ɗaya ta faɗo ɓangarori biyu na iyakar: a tsohon saiti “idon” ya shiga fihirisa amma “ido” bai shiga ba, a sabon saiti “ɗan” ya shiga amma “ɗa” ya tsaya a waje. Mai bincike ba shi da hanyar da zai gane dalilin da ya sa wannan ya fito wancan ya ƙi, sai ya ɗauka haka rumbun yake.

Amsar “babu” ma ba ita ce mafi muni ba, domin mai lura zai iya yin shakka a kanta. Abin da ya fi haɗari shi ne a rubuta kalmomi biyu, injin ya zubar da gajeriyar a ɓoye ya yi aiki da doguwar. A rumbun da iyakarsa haruffa huɗu ce, wanda ya nemi “ciwon kai” da wanda ya nemi “ciwon ido” amsa iri ɗaya za su samu, domin a wajen injin dukansu “ciwon” kawai suka rubuta. Ɗan jaridar da ke son bin diddigin abin da aka rubuta kan tallafin mai tun bayan da aka sanar da cire shi a ranar 29 ga Mayun 2023, zai samu tallafin karatu da tallafin taki da tallafin ambaliya a cakuɗe, ba tare da an fifita abin da ya nema ba. Shafin ya cika da sakamako, don haka babu abin da zai sa ya yi zargin an yi watsi da rabin tambayarsa. Haka sunayen mutane irin su Ali, Isa, Ado da Abu, da garuruwa irin su Jos da Biu da Aba, da Say ta Nijar da Gao ta Mali, da taƙaitattun sunaye da suka cika labaranmu: NIN, BVN, CBN, APC, PDP, ABU, BUK, MƊD. Sabon saitin InnoDB ya ceci masu haruffa uku, amma bai ceci Wa da Ho na Gana ba, bai ceci TB a takardar likita ba, bai kuma ceci harafi guda da ke raba ciwon hanta nau'in B da nau'in C ba.

Wanda ya gano matsalar tsawo ya sauke iyakar zuwa biyu, sau da yawa sai ya tarar da wani shinge a gabansa, wato jerin kalmomin da aka umarci injin ya yi watsi da su ko da sun cika tsawo. Jerin InnoDB gajere ne, layi 36, amma na MyISAM ya ƙunshi ɗaruruwan kalmomi, kuma kusan gaba ɗaya na Turanci ne. Injin bai san wane harshe yake karantawa ba, haruffa kawai yake kwatantawa. Saboda haka a MyISAM kalmomin Hausa irin su “take” da “taken” da “same” da “so” suna faɗawa tarkon, don kawai rubutunsu ya yi daidai da na wasu kalmomin Turanci da ke cikin jerin. Wanda ya nemi “taken ƙasa” an bar shi da “ƙasa” kaɗai. Misalin da ya fi tayar da hankali yana fannin lafiya. Cutar sikila ta yi katutu a yankinmu, har jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma haruffan da ake rubuta sakamakon gwajin jini da su su ne AA da AS da SS. A saitin asali duka ukun sun gaza tsawo. Idan aka sauke iyakar zuwa biyu, AA da SS za su fito, amma AS zai ci gaba da ɓacewa, saboda akwai kalmar Turanci mai waɗannan haruffa a jerin InnoDB da na MyISAM, kuma a tsarin da aka saba injin ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami. Za a ce ai irin wannan bayani a gurbinsa na musamman ya kamata a ajiye shi, ba cikin dogon rubutu ba, kuma haka ne. Amma bayanan da likita ko nas ke rubutawa da kalmominsu dogon rubutu ne, kuma su ma ana bincikensu.

Akwai wasu ramukan da suka rage. MyISAM tana da dokar da ta ce kalmar da ta fito a rabin bayanan tebur ko fiye, a binciken da aka saba yi, za a ɗauke ta kamar ba ta da amfani. Jaridar da rabin labaranta suna ambaton Kano za ta iya wayar gari binciken “Kano” ba ya kawo komai, duk da kalmar ta cika haruffa huɗu. Wannan doka ce kuma take rikita mai gwaji da ya zuba layi ɗaya ko biyu a sabon tebur, ya nemi kalmar da ya rubuta da hannunsa, ya ga babu. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa. A tsarin Unicode ɓ da ɗ da ƙ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ba b ko d ko k ko y da aka ɗora wa alama ba, saboda haka saitin da ke daidaita é ta Faransanci da e ba lalle ne ya daidaita ƙ da k ba. Wanda ya buga “kasa” daga wayar da ba ta da ƙ ba zai ga “ƙasa” ba. A ƙa'idar MySQL kuma, alamar ɗauri da ta zo a farkon kalma ana cire ta, don haka 'ya ta koma “ya”, 'yar ta koma “yar”. A Nijar ana rubuta ƴan inda Najeriya ke rubuta 'yan, kuma in ba an koya wa injin ba, kalmomi biyu ne a wajensa. Waɗannan ba matsalar tsawo ba ce kai tsaye, amma a kan gajerun kalmomi suka fi sauka, domin kalma mai haruffa biyu ba ta da rarar harafin da za ta yi asara.

Abin da ya sa nake ganin babu uzuri shi ne gano cutar ba ya buƙatar wani zurfin ilimi, bin tsari kawai yake so. A fara tabbatar da cewa bayanin yana cikin tebur ta hanyar nemo shi da lambarsa, don a raba ɓatan bayani da makantar fihirisa. Sannan a duba wane injin ajiya teburin yake amfani da shi, domin kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sauya ft_min_word_len alhali teburinsa na InnoDB ne, saitin da bai shafe shi ba ko kaɗan, ya yini yana mamakin abin da ya hana gyaran kamawa. Duka saitunan biyu ba sa sauyawa sai an rubuta su a fayil ɗin saiti an sake tayar da sabar, wato kwamfutar da rumbun yake zaune a kanta. Bayan haka sai matakin da ake yawan mantawa: tsohuwar fihirisa ba ta gyara kanta, dole a rushe ta a sake ginawa, in ba haka ba sababbin bayanai za su riƙa fitowa tsofaffi suna ɓoye, wanda ya fi rashin gyaran ma rikitarwa. InnoDB tana ba da damar a leƙa cikin fihirisar a ga kalmomin da suka shiga da ido, tana kuma ba da damar a kashe jerin kalmomin watsi ko a musanya shi da wanda mutum ya rubuta da kansa. Duk wannan yana rubuce a littafin jagorar manhajar, kyauta, ga duk wanda ya buɗe.

Hujja ta farko da ake kawowa don a bar abin yadda yake ita ce nauyi: idan aka shigar da gajerun kalmomi fihirisa za ta kumbura, bincike ya yi sanyi. Akwai gaskiya a ciki, amma a auna ta. Da haruffan Turanci 26, duk kalmomin da za a iya ƙerawa masu haruffa biyu 676 ne, masu uku kuwa 17,576, kuma mafi yawansu ba kalmomi ba ne a kowane harshe. Ashe yawan sababbin kalmomi ba shi ne nauyin ba. Nauyin yana kan 'yan tsirarun kalmomi da ke fitowa a kusan kowane layi, irin su da, na, ta, ya, a, ne, ce. Waɗannan an san su, ana iya ƙirga su, ana iya yi musu hukunci ɗaya bayan ɗaya, ba sai an kori duk mai haruffa biyu saboda laifinsu ba. Ballantana wurin ajiya ya yi arha matuƙa idan aka kwatanta da shekarar 2000, har wayar hannu ta yau ta fi yawancin kwamfutocin ofis na wancan lokaci wurin ajiya. Rajistar makaranta ko tarin labaran jarida na shekara goma ba su kai girman da ƙarin fihirisa zai durƙusar da sabar ba. Wanda yake da rumbu mai girman gaske, sai ya gwada ya auna da alƙaluma, amma kada ya fake da tsoron da bai auna ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: gajerun kalmomi za su cika sakamako da tarkace, mutum ya nemi abu ɗaya a kawo masa dubu. Sai dai an daɗe da samo maganin wannan, kuma ba ta hanyar ƙirga haruffa ba. A 1972 Karen Spärck Jones ta jami'ar Cambridge ta nuna cewa darajar kalma a bincike tana ƙaruwa gwargwadon ƙarancin bayanan da ta fito a cikinsu. Kalmar da ke ko'ina nauyinta kusan sifili ne, wadda ba ta cika fitowa ba nauyinta babba ne. A kan wannan tunani aka gina ma'aunin BM25 da Stephen Robertson da abokan aikinsa suka inganta a shekarun 1990, wanda injunan bincike irin su Lucene da Elasticsearch suke amfani da shi a yau, kuma ita kanta InnoDB da ma'auni mai wannan tushe take jera sakamako. Da irin wannan ma'auni “da” za ta rasa nauyi da kanta saboda yawanta, “Biu” kuma ta yi nauyi saboda ƙarancinta, ba tare da wani ya ƙirga haruffansu ba. Wannan ne ma ya sa nake jan kunnen masu son rubuta dogon jerin kalmomin watsi na Hausa. Kalmominmu gajeru suna ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya a rubuce. “Mai” na “mai gida” yana kama da kalmar da za a zubar, amma shi ne man da ake saye a gidan mai. “Kai” wakilin suna ne, kuma shi ne kan da ke ciwo. “Sa” aikatau ne, kuma shi ne na garke. “Ba” kuwa, idan aka cire ta, an mayar da korewa tabbatarwa ga mai neman jimla sukutum. Jerin da zai yi wa Hausa adalci gajere ne ƙwarai, kuma rashinsa gaba ɗaya ya fi a ari na wani harshe.

Wasu masu haɗa manhaja sukan kauce wa fihirisar baki ɗaya, su koma umarnin LIKE wanda ke neman jerin haruffa a ko'ina cikin rubutu. Wannan yana kawar da “babu” ta ƙarya, amma yana kawo wata cutar. Wanda ya nemi “uwa” zai samu ruwa da kasuwa da rayuwa da mutuwa da zuwa. Wanda ya nemi Ali zai samu hali da dalili da ɗalibi da alƙali. Ga shi kuma irin wannan nema ba ya cin moriyar fihirisar da aka saba, sai injin ya karanta tebur daga farko har ƙarshe, wato ainihin sanyin da aka ce ana gudu. Wasu kuma sukan liƙa alamar tauraro (*) a ƙarshen kalma, dabarar da ke hana injin zubar da ita daga tambaya, amma tauraro ba ya shigar da abin da ba ya cikin fihirisa: zai kawo “uwar” da “uwargida”, ya bar “uwa” ɗin da aka nema. Uzurin da ya fi karɓuwa shi ne na wanda yake hayar wuri a sabar da ake tarayya, inda ba shi da ikon taɓa saitin. Shi ma ba a rufe masa ƙofa ba. Manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke zaune a kanta, ta daɗe da warware wannan a binciken da take yi da MySQL: takan liƙa wa gajeriyar kalma wasu haruffan cikon tsawo kafin ta shigar da ita fihirisa, ta liƙa irinsu a tambayar mai bincike, sai su haɗu. Wata manhajar rumbun bayanai mai suna PostgreSQL kuma, wadda binciken rubutu ya shiga jikinta tun 2008, ba ta yanke kalma saboda gajartarta, kuma tana da saiti mara harshe da ba ya zubar da komai. Ba ta da saitin Hausa, amma rashin saiti ya fi saitin da ke yi wa harshe kallon Turanci.

Za a kuma ji masu cewa zamanin wannan magana ya wuce, tunda fasahar ƙirƙirarriyar basira tana bincike da ma'ana ba da haruffa ba. Irin wannan bincike yana da amfani idan ana neman abin da ya yi kama da tambaya, amma mai neman Isa ba Musa yake nema ba, mai neman AS ba SS yake nema ba, kuma kamanni a nan shi ne haɗarin. Shi ya sa manyan tsare-tsare da dama suke haɗa sabon salon da tsohon binciken kalma maimakon su yar da shi. Kuma rumbunan da ke riƙe da rajistar ɗalibai da takardun kotu da tsofaffin labarai a yau ba za su koma sabuwar fasaha gobe da safe ba. Masu ɗora laifin duka a kan kamfanin da ya ƙera manhajar su ma ban bi su ba, ko da yake akwai darasi a tarihin. Sinanci da Japananci ba sa raba kalmomi da fili, kuma kalmomi da yawa a cikinsu harafi ɗaya ne ko biyu, don haka tsohon tsarin bai yi musu aiki ba sam. A 2015 MySQL ta fito da hanya ta musamman ta yanka rubutu saboda Sinanci da Japananci da Koriyanci. An yi musu haka ne saboda gazawar ta fito fili kuma masu amfani da harsunan sun nemi gyara. Tamu gazawar rabi-rabi ce, bincike yana aiki sau da yawa, yana faɗuwa a wasu lokuta ba tare da ƙara ba, shi ya sa aka zauna da ita. Amma saitin a buɗe yake, an rubuta yadda ake sauya shi, kuma babu wanda ya fi mai haɗa manhaja don Hausawa sanin cewa uwa da uba kalmomi ne.

Ko da an yanke shawarar barin wata iyaka saboda wani dalili na gaskiya, akwai abin da bai kamata a yi sassauci a kansa ba, wato faɗa wa mai bincike abin da aka yi da tambayarsa. Akawun da bai buɗe durowa ba ya ce maka fayil ɗinka ba ya nan, ya yi maka ƙarya, ko da bai yi niyyar cutar da kai ba. Da ya ce ba a ba shi mabuɗin wannan durowa ba, da ka san inda za ka nufa. Google a shekarunsa na farko yakan rubuta a saman sakamako cewa ya bar wata kalma saboda yawanta, kuma har yanzu yakan nuna kalmar da ba ta cikin wani sakamako ta hanyar ja mata layi. Layi ɗaya ne a manhaja: ba a bincika kalma kaza ba saboda ta gaza haruffa uku. Wanda ya ga wannan zai sake tambaya ta wata hanya, ko ya kai ƙorafi inda za a gyara. Wanda aka ce wa “babu” kuwa zai tafi da yaƙinin cewa ba a taɓa rubuta labarin ba, ko sunan ba ya cikin rajista.

Shugabannin jaridu da makarantu da asibitoci da ma'aikatu da ke ba da kwangilar irin waɗannan manhajoji ba sa buƙatar sanin sunan saiti ko ɗaya don su kare kansu. Kafin a sa hannu a takardar karɓar aiki, a zuba bayanai na gaske, ba layi biyu na gwaji ba, a zaunar da ma'aikacin da zai riƙa amfani da manhajar kullum, a ba shi kalmomin da aka tabbatar suna ciki: suna mai haruffa uku, gari mai haruffa biyu, AS da SS, “ciwon kai” sannan “ciwon ido” a ga ko sakamakon ya bambanta, ƙasa da ƙ sannan da k, 'yan da alamar ɗauri sannan da ƴ, da kalmar da aka san ta fito a fiye da rabin bayanan. Duk wadda ta ƙi fitowa, a rubuta ta cikin sharuɗɗan da ɗan kwangila zai cika kafin a biya shi cikon kuɗinsa, kuma a maimaita gwajin duk lokacin da aka ƙaura zuwa sabuwar sabar, domin saitin yana zaune ne a jikin sabar, ba ya bin bayanan idan an kwashe su.